Binciken wata bakwai a Birtaniya: wace biza zan nema?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadarai a nan Najeriya, kuma wata jami'a a Birtaniya ta gayyace ni in yi wata bakwai a ɗakin bincikenta. Ga inda na maƙale: bizar baƙi wata shida kawai take bayarwa, bizar ɗalibi kuwa sai da lambar CAS (wato lambar da jami'a ke bayarwa don tabbatar da cewa ta ɗauki mutum karatu), su kuma jami'ar sun ce ba za su ba ni ba tunda ba a can na yi rajista ba. Takardar ATAS ma (wato izinin gwamnatin Birtaniya da ake buƙatar baƙi su samu kafin karatu ko bincike a wasu fannonin kimiyya), sati biyar ke nan da na nema ina duba imel safe da yamma, shiru.

Shin in roƙi malamin da zan yi aiki da shi a can ya rage zaman zuwa wata shida, ko akwai wata hanyar? Don Allah wanda ya taɓa bi ta nan ya taimaka mini.