Suna a bango ko riƙe gida? Muhawarar tsofaffin ɗalibai a Tawa

Ɗan Konni: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga shawarar kwamiti kan marigayi Mushenmu, wato malaminmu, Allah ya jiƙansa, cewa a nemi izinin hukumar makarantar horon malamai a sa wa babban zauren karatu sunansa, a buga allon ƙarfe, a yi taro da jawabi. Ni kam na faɗa ba tsoro, karrama malami bayan ya mutu kanmu muke yi wa, ba shi ba. Sama da shekara talatin yana shaƙar ƙurar alli, da ya yi ritaya mu nawa muka leƙa gidansa?

'Yar Buza: Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi zafi da yawa. Rashin ziyara laifi ne, amma laifin jiya ba ya hana alherin yau. Jami'ar Yamai ba ta ɗauki sunan Abdou Moumouni ba sai a 1992, alhali ya rasu a 1991. Wa ya ce an yi banza?

Ɗan Konni: Madalla da kika kawo shi. Ki tsaya ƙofar jami'ar ki tambayi ɗalibai wane ne shi. Nawa za su ce miki masanin kimiyya ne da ya ƙarar da rayuwarsa kan makamashin hasken rana, tun duniya ba ta waiwayi abin ba? Sunan ya koma kwatancen da ake yi wa mai taksi.

Baba Direkta: Yarana, ku saurara. Tare munka yi aiki da shi, na san abin da ba ku sani ba. Duba hwa jami'o'in ƙasar nan: ta nan Tawa Djibo Hamani, ta Maraɗi Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram André Salifou, ta Tilabéri Boubakar Ba. Duk manyan farfesoshi ne, kuma sun cancanta. To amma wanda ya koya wa mushen ƙauye yadda ake riƙe alli, yadda ake tsara darasi a takarda, yadda ake tsayawa gaban yara cike da rumfar zana ba tare da bulala ba, ina bangonsa? Ba ya rubuta littafi, ba a kiransa taro Faransa. In ku ɗalibansa ba ku rubuta sunansa ba, babu mai rubutawa. Ni ina bayan allon.

Autan Keita: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse. Sai dai abin da ke hannun ma'aji bai kai ya yi komai da komai ba. Rumfuna, kujeru, lasifika da abincin baƙi kaɗai za su lashe rabi. Inna, matar marigayin, tana gida da ƙananan yara biyu da ba su ko kai jarrabawar brebe ba, kuma kowa nan ya san takardun fansho na mamaci ba sa fita da wuri.

'Yar Buza: Wannan kuma gaskiya ne, Auta. Amma kada mu mai da Inna abar tausayi a bainar jama'a. Wa ya tambaye ta abin da take so?

Malam Liman: Bismillah. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na biyun ya riga ya tafi da shi, ku ne shaida. Allon ƙarfe ba haram ba ne, amma ba ya cikin ukun. In ni ne, famfo ko rijiya.

Ɗan Konni: Allah ya saka, Malam. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Malam Liman: A'a, ba shi kake faɗa ba. Kai ka ce bayan mutuwa babu abin da ke isa gare shi, ni kuwa na ce akwai.

Madam ta Madawa: Ku bar ni in sa baki, tun ɗazu ina aji. Ni 'yar kwantaragi ce kafin in samu lambar aiki. Tun da aka fara ɗaukar 'yan sa kai a 1998 aka riƙa tura mutane aji da ɗan guntun horo, wasu ma babu. Da aka zo jarrabawar tantance 'yan kwantaragi a 2017, hankalin kowa ya tashi. Mushe ya tara mu a ƙofar gidansa kowace la'asar, kan tabarma, yana maimaita mana nahawun Faransanci da lissafi, ko dala bai karɓa ba. Takardun darussan da ya rubuta da hannunsa har yau suna yawo daga Abalak zuwa Illela, an yi musu hoto a kan hoto har rubutun ya dushe. Me zai hana mu tattara su, a buga da kwamfuta, a sa sunansa a bangon littafin, a raba wa sababbin malamai?

Baba Direkta: Ɗiyata, kin kawo magana. Amma littafi gara na ci, zaure kuwa yana nan.

Autan Keita: Baba, zauren ma in sabon shugaba ya zo da sabon fenti, sai dai labari.

'Yar Buza: Kai Auta, ka ji tsoron Allah! Ni dai ban janye ba. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, tana tafe. A kafa allon ranar, ba rumfa ba shinkafa, addu'a kawai. Allo shi kaɗai ai bai fi 'yan jakunkuna ba. Sauran a raba tsakanin littafin da karatun yaran.

Ɗan Konni: In an cire shagali na rage faɗa, amma ra'ayina yana nan. Kuma ina da sharaɗi: akwai malamanmu biyu da suka yi ritaya, suna raye cikin garin nan, ɗaya ido ya tafi. Ba na ƙara ko dala a asusu sai an sa ranar zuwa gaishe su.

Madam ta Madawa: Asabar ina Tawa, zan biya wajen Inna in ji ta bakinta. Wanda duk ke da takardun Mushe ya ɗauki hotonsu ya turo, ko sun yage. Baba, an ce na lissafi suna wajenka.

Baba Direkta: Suna cikin akwati. Amma aro na ba ku, kuma ba ni fasa maganar zauren.