Neman kalma: "rom-com", "young adult" da "queer" a Hausa

Mai Fassara: Salam 'yan uwa. Gobe da safe zan miƙa rahoto kan littattafan matasa a Amurka, ga shi na maƙale. Akwai wani reshe da ya bunƙasa bayan 2015, shekarar da Becky Albertalli ta fitar da littafin da aka mayar fim ɗin Love, Simon a 2018. Ita Bayahudiya ce, kuma daga baya ita da irin su Dahlia Adler da Jake Maia Arlow suka riƙa rubuta soyayya mai raha wadda taurarinta Yahudawa ne kuma "queer". Kalmomi uku nake nema: "rom-com", "young adult", sai "queer" ɗin. A taimaka.

Uwar Biyu: Ta biyun ba wuya. Kada dai ka ce "matasa" kawai, don a nan mai furfura ma shugaban matasa ne. Su 'yan shekara 12 zuwa 18 suke nufi. Ka ce "matasa masu tasowa".

Mai Fassara: Na ɗauka, Hajiya. Saura biyu.

Ɗan Birni: "Rom-com" ai yanke kalmomi biyu, "romantic" da "comedy", suka yi suka haɗa. Mu ma mu yi: soyayya da dariya, SOYARIYA. Na daɗe ina amfani da ita.

Malamin Nahawu: Kai da wa? Hausa ba ta yanke kan kalma ta liƙa wa jelar wata. Harɗaɗɗun kalmominmu cikakku suke zuwa: faɗi-tashi, ƙwallon ƙafa, jirgin sama. "Soyayya da barkwanci" ta wadatar, kowa zai gane.

Ɗan Birni: Malam, ku na jami'a kun fi shekara nawa kuna ce mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa", amma a kasuwa kwamfuta ake saye. Soyariya gajera ce, tana shiga kanun labari.

Malamin Nahawu: Ni da na ji ta, na zaci wani abin soyawa ne.

Uwar Biyu: Ku bar wannan. Ta ukun ce aiki. Gidajen rediyo sukan ce "'yan luwaɗi da maɗigo".

Mai Fassara: Nan ne matsalar, Hajiya. Waɗannan kalmomi aiki suke ambata, da hukuncinsa a ciki. Labaran kuwa yawanci na yaro ne ko yarinya da zuciya ta fara bugawa, ana ta kunya da saƙon waya. A littafin Albertalli da Adam Silvera na 2018, samari biyu ne suka haɗu a gidan waya a New York, ɗaya Bayahude. A na Adler na 2021, yarinyar tana tsakanin son wani saurayi da son wata budurwa. Ita kuma a wane layi zan sa ta?

Ɗan Birni: 'Yan daudu mana.

Mai Ƙamus: A'a. Daudanci salon magana ne da rangwaɗa da sana'ar abinci, kuma ba a ce wa mace 'yar daudu da wannan ma'anar. Akwai "masu harka", wadda Rudolf Gaudio ya kawo a bincikensa na Kano na 2009, amma zaurance ne na cikin gida, mai sauraro zai ɗauka 'yan kasuwa ake nufi. Ita "queer" asalinta baƙon abu ne, ta zama zagi, sai waɗanda ake zagin suka karɓe ta, har aka kafa ƙungiyar Queer Nation a New York a 1990. Idan tarihin ake bi, "bauɗaɗɗu" ce ta fi kusa.

Uwar Biyu: Su ne suka karɓi tasu. Wa ya karɓi "bauɗaɗɗu" a Hausa? Har yanzu zagi ce, kuma mai fassara zai sa wa marubutan abin da ba su faɗa ba.

Malamin Nahawu: Ni fa tambayata, dole ne sai mun ƙirƙira wa kowane abin Turawa suna? Abin da doka ta 2014 ta sa wa aurensa ɗaurin shekara 14 a Najeriya?

Mai Ƙamus: Malam, ita dokar ma da aka ba da labarinta a rediyo, ai da kalma aka bayar: "auren jinsi". Daga nan za a ɗauko. "Masu neman jinsinsu" ta riga ta zauna a kunne.

Mai Fassara: "Nema" ta ɗan yi nauyi ga 'yan sakandare. "Masu son jinsinsu" fa?

Mai Ƙamus: Ba ta rufe mai son ɓangare biyu ba, balle masu sauya jinsi. Sai ka ƙara jimla ɗaya ta bayani a farkon ambato.

Uwar Biyu: Kuma ka ce "Yahudawan Amurka". Da an ji Bayahude, hankali Isra'ila yake tafiya, alhali labaran na bikin Hanuka (bikin fitilu na Yahudawa) ne da iyaye masu shisshigi. Na Arlow ma na 2022 a Washington yake, lokacin Kirsimeti.

Mai Fassara: To ga abin da zan rubuta: "littattafan soyayya da barkwanci na matasa masu tasowa, waɗanda taurarinsu Yahudawan Amurka ne masu son jinsinsu."

Malamin Nahawu: Ta yi tsawo, amma nahawunta daidai ne. Ban ce na yarda da sauran ba.

Ɗan Birni: Kalma 16 a inda soyariya za ta rage maka biyu. Ko a kanun ne ka sa ta.

Mai Fassara: Edita ne ke sa kanu. Zan tura masa, in ya ɗauka shi ke nan.