Sarauta a Kan Kujerar Olamfik: Musayar Baitoci

Tsohon Alƙali:

Sallama, ma'abota baiti. Me ya sa masu sarautar Turai suka riƙe ragamar Olamfik tun daga tushe? A amsa da waƙa.

A 1894 aka taru a Paris,
Zauren Sorbonne, can aka ƙulla ta.
Baron Coubertin shi ya kira taron,
Hukumar Olamfik nan aka haife ta.
Ba ƙuri'ar ƙasa ta kawo kowa ba,
Shi ya zaɓo su, ya ba su riƙon ta.
In gurbi ya samu, su ne ke cike shi,
A da kujera har kabari, ba mai ƙwace ta.
Mamba jakadan hukuma ne a garinsu,
Ita yake wa aiki, ba ƙasa ya wakilta.

Ma'aji:

Baba Alƙali, sirrin na aljihu ne,
A da hukumar ba ta da asusun kashewa.
Babu kuɗin jirgi, babu alawus,
Kowa da guzurinsa yake tahowa.
Wa zai ƙetare teku don zaman taro
In ba mai gadon da ba ya ƙarewa?
Dubi Atens gab da wasan 1896,
Bashi ya kai Girka ga durƙushewa.
Firaminista Trikoupis ya ce babu hali,
Yarima Constantine ya ce akwai yiwuwa.
Averoff, attajirin Girka a Iskandariyya,
Ya ɗau nauyin filin har gamawa.
Aka buga kan sarki, aka sai da tikiti,
Sauran giɓin da su ya samu cikewa.
1906 dutsen Vesuvius na Italiya ya yi aman wuta,
Roma ta ce 1908 ba ta iyawa.
Lord Desborough ya ce a kawo Landan,
Cikin shekara biyu filin White City ya kai ga miƙewa.
Shi kansa Baron ya zuba dukiyarsa,
Ya rasu 1937, aljihu ya yi ramewa.

'Yar Tsere:

Malam Ma'aji, rabin mudu ka auna,
Sauran na ƙasa, tsaya ka saurara.
Dokar ɗan sha'awa su suka ɗaure ta:
Ka karɓi sisi a wasa, ka yi asara.
Masu tseren kwale-kwale a Ingila ma
Sun hana makaniki, sun hana lebura.
Wai aikin ƙarfi na ba shi damtse,
Zai fi ɗan gata, ya ci nasara.
Jack Kelly birkila ne daga Amurka,
Gasar Henley ta Ingila ta ƙi shi 1920 tun bai fara.
Sai ga shi a Olamfik ta Antwerp cikin shekarar nan,
Ya kwashi zinare biyu ya tara.
Jim Thorpe ya ci biyu a Stockholm 1912,
1913 aka share sunansa kamar shara.
Laifin, ya buga besbol don 'yan daloli
Tun kafin gasar, a wasu shekara.
Wa'adin ƙorafi kwana 30 ne a rubuce,
Sai bayan wata shida aka kai ƙara.
Ya rasu 1953 babu lambarsa,
Sai 1982 hukumar ta gyara.
Mu mata, Baron ya ga tafi ya ishe mu,
Sai Alice Milliat ta ɗaura ɗamara.
Ta shirya namu a Paris 1922,
Suka ga abin na neman gagara.
1928 suka buɗe mana filin guje-guje,
Wasa biyar kacal, ba su ƙara.

Tsohon Alƙali:

'Yata, kin kai. Ni ta fannin alƙalanci zan ɗora.

Landan 1908 masu usur da agogo
Dukansu 'yan gida ne, 'yan Birtaniya.
Mita 400, mutum huɗu a ƙarshe,
Uku Amurkawa, Halswelle na Birtaniya shi ɗaya.
Ba a raba wa kowa layi a ƙasa ba,
Carpenter na Amurka ya karkata ya tare hanya.
Dokar Amurka ta bari, ta Ingila ta hana,
Nan aka soke, aka ce a koma baya.
An ja igiya tsakanin layi, Amurkawa suka ƙi,
Halswelle kaɗai ya fita ya zagaya.
Gudun fanfalaki daga fadar Windsor ya tashi,
Ya ƙare gaban rumfar Sarauniya.
Mil 26 da yadi 385 aka auna,
1921 ya zama ma'aunin duniya.
Rigimar doka biyu ta sa 1912
Aka kafa hukumar guje-guje mai doka ɗaya.

Ɗan Tamaula:

Yaya 'Yar Tsere, a ƙwallo ƙullin ya tsinke,
Kan ladan kwanakin da ɗan wasa ya ɗauka.
Ma'aikaci ya bar masaƙa ya tafi gasa,
Albashinsa ya tsaya, wa zai biya haka?
FIFA ta ce a maida masa abin da ya rasa,
Count Baillet-Latour, shugaban Olamfik, na kan kujerar doka.
Ƙungiyoyin Birtaniya huɗu suka fice daga FIFA 1928,
1930 Kofin Duniya a Urugwai ya sauka.
Los Angeles 1932 babu ƙwallo sam,
Olamfik ta yi ba mu a ƙasar Amurka.

Ma'aji:

Hajiya, na karɓi gyara, amma ki duba
Yadda ƙofar ta riƙa buɗewa.
1963 Sir Adetokunbo Ademola ya shiga,
Baƙar fatar Afirka na farko a zaunawa.
Alƙalin alƙalan Najeriya, ɗan Alake na Abeokuta,
Shi ma gidan sarauta ya sha renawa.

'Yar Tsere:

Renawa ka ce, Malam? Reno kake nufi,
Amsa-amo ya ja ka ka tafka.
Mata sai 1981 aka ba mu kujera,
Biyu: Finlan da Benezuwela aka ɗauka.
Badaƙalar cin hanci ta Olamfik ɗin Salt Lake ta fashe, 1999
Aka ce sabon mamba a 70 zai sauka.