Shin fim ɗin Torakku Yaro ne ya haifi adon manyan motoci a Japan?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina, da kamfanin Toei bai saki Torakku Yaro a watan Agustan 1975 ba, da babu abin da Japanawa ke kira dekotora, wato ƙawata motocin dakon kaya da fitilu da zane-zane da ƙarfe mai walƙiya. Kashi 10 darakta Norifumi Suzuki ya shirya zuwa 1979, kuma motar Momojiro, direban da Bunta Sugawara ya fito a matsayinsa, ita ce kowa ya riƙa kwaikwayo.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tuya ka manta da albasa, domin adon ya girmi fim ɗin. Masu jigilar kifi daga arewa maso gabashin ƙasar ne suka fara, saboda ruwan gishiri yana cin jikin mota, sai suka riƙa lulluɓe ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, daga nan abin ya koma gasar ado. Shi kansa Kinya Aikawa, wanda ya kawo shawarar yin fim ɗin kuma ya fito a matsayin Jonathan, abokin Momojiro, a wani shirin talabijin ya ga irin waɗannan motoci.

Wata malama: Baba, maganarka gaskiya ce, amma ku biyun kun maƙale wa ƙarfe kun bar mutane. Abin da ya riƙe masu kallo shi ne Momojiro, wanda a kowane kashi yake faɗawa soyayyar wata kyakkyawa, ya yi ta ƙaryar wayewa da ilimi, a ƙarshe ya rasa ta, sannan ya taka mota 'yan sanda na biye da shi don ya cika wani alkawari. Ga kuma Jonathan, tsohon ɗan sanda mai tarin 'ya'ya.

Mai buɗe muhawara: Baba, na janye kalmar haifa, na koma ga yaɗawa. Amma da ba a nuna motocin a sinima ba, da adon ya tsaya a tsakanin masu kifi.

Tsohon direba: Wannan ma ban yarda ba, Malam. Motar kifi kullum tana kan hanyar Tokyo, kuma direba ba ya jiran sinima kafin ya yi kishin motar abokinsa a wurin cin abinci.