Musayar Waƙa: Wa Ke da Bakin Titi?

Mai Tebur: Salamu alaikum. Jiya an kwashe teburan layinmu a nan Kano. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Shekara tara ina bakin titin nan,
Da tebur da lema da 'yar kujera ɗaya.
Kullum mai rasit na zuwa da hantsi,
Ban taɓa ce masa sai gobe ba, ina biya.
Jiya wasu suka zo da mota da kulki,
Wai na hau wurin masu tafiya.
To da mai karɓa da mai kwashewa,
Wanne ne a cikinsu mai hanya?

Ɗan Sahu: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma fa:

Kun cinye gefe, kun koro mutane kwalta,
Mai goyo na ratsawa tsakanin taya da taya.
Bi ta Kwari ranar da kasuwa ta cika,
Sai ka kashe inji, ka zauna, ka sha wuya.
Mu ma tun da aka hana acaɓa a 2013
Muka cika gari, ko'ina muna tsaya.
Ban wanke kaina ba, kai ma kar ka wanke,
Ni da kai duk mun matse rariya.

Malama ta Fagge: Ɗan Sahu, ka kauce wa tambayar. Ga ta a takarda:

Tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu,
Ya ba ƙaramar hukuma aikin hanya:
Titi da kwata da fitilar kan titi,
Sunan layi, lambar gida, duk ita aka gaya.
Kasuwa da tashar mota ma nata ne,
Shi ya sa mai rasit ke zuwa ba kunya.
Amma dokar filaye ta 1978
Ta ba gwamna ƙasar birni gaba ɗaya.
Tsara gari kuwa na hukumar jiha KNUPDA ne,
KAROTA, mai kula da zirga-zirga, ta zo a 2012 don masu taya.
Kama hanyar Zariya ka miƙe kudu,
Wannan kuma ta gwamnatin tarayya.
Kuɗin ciyaman na asusun haɗin gwiwa,
Sai abin da jiha ta ga damar biya.
Kotun Ƙoli a Yulin 2024 ta ce
A ba su kai tsaye, a daina ajiya.

Inna Mai Ƙosai: Ni ban yi boko ba, 'ya'yana, amma ku ji.

Malama kin lissafo masu titi da yawa,
Ina suka shige da damina ta juya?
Kwatarmu ta toshe da leda da yashi,
Ruwa ya shigo har inda nake tuya.
Na kai kuka nan, an ce sai can,
Can kuma an ce oga ya yi tafiya.
Yaran layi ne suka shiga da shebur,
Na ba su ƙosai, muka rabu lafiya.

Ɗan Sahu: Inna kin gama da mu. Ledar nan dai har da ta ƙosanki.

Mai Tebur:

Malama na gode, yanzu na gane,
Rasit ɗina ba na mai kulki ba ne, shi ne tsiya.
Inna, Asabar ɗin ƙarshen wata ina tafe,
Da shebur ɗin aro da tsintsiya.
Ɗan Sahu, gobe ka zo ƙarfe takwas,
Mu je karɓo tebur, kar ka tsawwala haya.