Manhajar da na gada ta ƙi lambar Nijar: in rushe ko in yi faci?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum, manya. An miƙa min manhajar lissafi ta wani shagon atamfa a Kano, wanda ya rubuta ta kuma ya daɗe da barin aiki. Jiya wani kwastoma daga Maraɗi ya zo, ta ƙi karɓar lambar wayarsa. Ashe an ɗaure ta a kan lamba 11 irin tamu, alhali ta Nijar 8 ce. Na sassauta wurin, sai saƙon rasit ya daina fita. Raina na ce min in rushe in sake gini. Me kuka gani?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka rushe. Wanda ya rubuta bai yi kuskure ba, a lokacinsa duk kwastomomin 'yan gida ne. Kasuwa ce ta faɗaɗa, zatonsa ya tsaya inda ya bar shi. Ina kyautata zaton akwai inda ake cire sifilin farko a liƙa 234, lambar kiran Najeriya, shi ya sa saƙon ya tsaya. Ka bincika 234 da 11 a duk rubutun manhajar. Kuma ka leƙa harajin VAT. A Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, ni kaina na kwana ina farautar 0.05 (wato kashi 5 ɗin) a wata manhaja, don an warwatsa shi ko'ina kamar gero. Duk abin da ka tono, ka mayar da shi wuri guda a saituna, ka rubuta dalilinsa a gefe. In ka sake gini ba ka san waɗannan ba, naka zaton za ka binne.

'Yar Zazzau: Gaskiyar Yaya. Rokar Ariane 5 ta Turai ma haka ta yi a 1996. An ɗauko manhajar tsohuwar roka Ariane 4 da zaton wata ƙima ba za ta wuce ma'ajin bit 16 ba (ɗan ƙaramin wurin ajiye lamba a kwamfuta). Sabuwar rokar ta fi gudu, ƙimar ta yi ambaliya, cikin kimanin daƙiƙa 40 rokar ta tarwatse. Ka rubuta gwaji kafin ka sake taɓa komai. Af, gwada sa suna mai ƙ ko ɗ ka ga abin da rasit zai buga.

Sabon Hannu: Na gode, Anti. Na sami 234 a wuri shida. Na sa "Ɗanladi", rasit ya fito da "?anladi". Ta ina zan fara?

Tsohon Hannu: Ta lambar waya, kuɗi na can. Ɗanladi ya yi haƙuri zuwa Litinin.