Wane Ne Matafiyi?

Ɗan Gujungu:
Assalamu alaikum. Jiya wani tsoho ya tsaya neman ruwa a bakin rijiyarmu, yara suka ce "ga matafiyi". Kalmar ta tsaya mini a rai. Ga nawa, amsa-amon "ya" ne.

Tsoho na gani da gora da sanda,
Ƙura ta hau shi har bisa wuya.
Faso ya tsattsaga dugadugansa,
Tun asuba yake taka hanya.
Wanda ya zo a ƙasa, ba jaki ba mota,
Shi na sani da sunan mai tafiya.

Baba Falke, Maigatari:
Ɗana, ka taɓa kaɗan ka bar da yawa.

Matafiyi a bakin kakanninmu falke ne,
Mai bin madugu ya ratsa duniya.
Jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi,
Su kai Gwanja su ɗauko goriya.
Wata da watanni daga zango sai zango,
Ga ɓarayi, ga kogi, ga ƙaya.
Wani ya dawo da riba da labari,
Wani ɗansa ya tashi maraya.
Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911,
Daga nan ayari ya fara ja da baya.
Amma zo Maigatari ran Alhamis ka gani,
A ƙafa ake koro ta daga Nijar, dukiya.

Malam Ƙarami, Ringim:
Baba, Allah ya ƙara girma. A littafi ma yana da babinsa.

Ba a duba ƙafa ko mota,
Mil 48 ne a Malikiyya.
Azahar, La'asar da Lisha ya yi kasaru,
Raka'a bibbiyu, ya ci gaba lafiya.
Magariba da Asuba suna nan yadda suke,
Azumi ya sha ya rama daga baya.
In guzuri ya yanke yana da rabo a zakka,
Ko a garinsu yana da dukiya.

Uwar Biyu, Kazaure:
Malam, nawa matafiyin bai kai mil ba.

Autata jiya ta saki bango,
Tana tatata tana dariya.
Taku uku ta faɗo a cinyata,
Kakarta ta rangaɗa guɗa: "Ga mai tafiya!"

Ɗan Gujungu:
Allah ya raya ta, Yaya. Kin tuna mini biyu.

Tafiyayye muke ce wa mai ido a buɗe,
Wanda ya ga gari-gari ya waye da duniya.
In an ce "ɗan tafiyarmu ne" lokacin zaɓe,
Ba hanya ake nufi ba, jam'iyya.

Inna ta Haɗeja:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, jikata ce ke rubuta mini.

Maigidana ya yi wadda ba a dawowa,
Ba ma cewa ya mutu, sai "ya yi tafiya".
Ɗana kuwa ana gama girbi ya ɗaura jaka,
Ci rani a Legas, sai murya a waya.
Yana tura kurar ruwa unguwa-unguwa,
Ya ce mini "Inna, ina nan lafiya."
Na ware masa irin gero a rumbu,
Fartanyarsa na rataye a tsamiya.
Duk ran da hadari ya haɗo a gabas,
Da sandata nake fita bakin hanya.